Dillalin Gida da Fili: In Sana'a Ta Tsaya Cik

 Yau a shirinmu na faɗakarwa da dillalai za mu yi magana, dillalan gidaje da filaye na birnin Katsina da kewayensa. Wanda ba dillali ba ma kada ya murɗa akwatinsa, domin da wuya a sami magidanci a garin nan da bai taɓa bi ta hannun dillali ba, ko wajen kama haya, ko sayen fegi, ko sayar da gidan gado.

Ga matsalar da ta kawo mu. Mutum ya daɗe a sana'ar nan, ya san gari lungu-lungu, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Sauri, daga Rafindadi zuwa Sabuwar Unguwa. Wayarsa cike take da lambobi. Ba ya rasa na cefane, amma abin da ya samu bana shi ne na bara, na bara kuma shi ne na bara waccan, alhali darajar kuɗin kullum raguwa take yi. Bencin da yake zama bai canza ba, babur ɗin ma shi ne. Ya sa mutane da yawa sun mallaki muhalli, shi kuwa har yau mai gidan haya yana ƙwanƙwasa masa ƙofa. In ka tambaye shi, sai ya ce kasuwa ta mutu, ko ya ce yara sun ɓata sana'a, wani ma ya ce hannu aka sa masa.

Akwai gaskiya a maganar kasuwa, kuma ba zan raina ta ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, zagayen nuna wa mutum fili ya zama abin lissafi. Ka ƙona mai zuwa Modoji ko Dandagoro, mai saye ya duba ya ce zai yi shawara, shi ke nan ba ka sake jin ɗuriyarsa ba. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma. Ma'aikacin da a da yake zubin adashi don ya yanki fegi, yanzu albashin a hatsi da kuɗin makaranta yake ƙarewa. Wannan duk haka yake.

Amma ku dubi garin da idonku. Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987 ba ta daina faɗaɗa ba. Gonakin da iyayenmu suka noma gero a bayan ganuwa yau unguwanni ne. Hanyar Dutsinma kaɗai ta ishe mu misali: Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, Jami'ar Al-Qalam, Kwalejin Ilimi ta Tarayya, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, kowace da ɗalibanta da malamanta masu neman wurin sa haƙarƙari. Ga 'yan'uwanmu na Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa da rashin tsaro ya raba da garuruwansu, Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, da yawansu sun dawo birni, mai hali ya saya, maras hali ya kama haya. Ga aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021, wanda ya ratso ta Katsina. Ciniki ana yin sa kullum. Abin tambaya shi ne, me ya sa ba ya biyowa ta hannunka, ko in ya biyo me ya sa abin da ke zuwa aljihunka bai taka kara ya karya ba?

A ganina amsar tana cikin abin da dillali yake sayarwa. Dillali ba shi da gida, ba shi da fili. A da labari ne jarinsa. Shi ya san Alhaji wane zai sayar da kangonsa don ya biya kujerar Makka, shi ya san malamin da aka yi wa canjin wurin aiki yana neman ciki da falo. Wannan labarin a da tsada gare shi. Yau kuwa kowane matashi mai waya zai ɗauki hoton gida ya ɗora a WhatsApp ko Facebook ko TikTok, kafin la'asar mutum ɗari sun gani. Labari ya yi araha, shi ya sa la'adarsa ma ta yi araha.

Ku yi lissafi da ni. A ɗauka fili ne na naira miliyan huɗu, a ɗauka kuma an yi yarjejeniyar la'ada kashi biyar cikin ɗari. Dubu ɗari biyu ke nan. To amma wanda ya san mai filin ya gaya wa wani, wannan ya tura wa wani, har labarin ya kai ga wanda ya san mai saye. Ranar biya sai ka ga mutum shida sun tsaya a ƙofar gida, 'yan kayi-nayi, kowa yana cewa da shi aka yi. Kowa ya tashi da dubu talatin da 'yan kai, bayan wata guda ana sintiri. Wanda ya shekara goma sha biyar a sana'a da wanda ya shigo jiya rabonsu ɗaya, domin aikin da suka yi ɗaya ne: miƙa labari. Nan ne sana'ar take tsayawa cik.

Bari in kai ku Ibadan, unguwar Sabo, inda Hausawa suka daɗe suna fataucin shanu da goro. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna da su, ya fitar da littafi a kansu a 1969. Abin da ya tarar shi ne, bafatake zai kawo shanunsa daga arewa ya sauka gidan maigida, dillalan maigidan su sayar wa mahauta Yarbawa bashi, ba takarda, ba banki. Me ya sa bafatake ya yarda? Domin maigidan da dillalansa sun san kowane mahauci, wanda ke biya da wanda ke taurin bashi, kuma maigida shi ke ɗauke da alhakin ganin kuɗin baƙonsa sun fito. Abin da ake biya a can lamuni ne: mutum ya tsaya ya ce wannan cinikin na san cikinsa, in ya ɓaci a zo gare ni. Kakanninmu da wannan suka riƙe kasuwannin da ba nasu ba.

To me mai sayen fili a Katsina yake tsoro a yau? Ba rashin ganin fili ba ne, filaye sun cika masa waya. Tsoronsa kada ya biya kuɗin da ya shekara yana tarawa, ya kai bulo, wani ya fito da takarda ya ce shi ma an sayar masa. Kada ya gina, hukuma ta zo ta shafa jan fenti ta ce kan hanya ne. Kada bayan shekara uku wata baiwar Allah ta dawo daga gidan aurenta ta ce gidan ubanta ne, ba da saninta aka sayar ba. Dillalin da zai iya cire wa mutum wannan tsoron, shi ba ya cikin layin mutum shida. Shi ake nema da suna.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Masu sauraro, har yanzu muna tare a shirinmu na faɗakarwa, muna magana a kan dillalan gidaje da filaye.

Malam dillali, cire wa mutum tsoro sai da sani, kuma farkon sanin shi ne doka. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A cikin birni, gwamna ne ke ba da haƙƙin zama a fili da takardar shaidar mallaka. Wanda yake da irin wannan haƙƙi, in zai sayar ko ya jinginar, doka ta ce sai da amincewar gwamna. Yawancin cinikin da muke yi a zaure, da sa hannun mai unguwa da shaidu, yana da amfaninsa, kuma ban ce a bar shi ba, domin mai unguwa ya san tarihin wuri fiye da kowane fayil. Amma ka gaya wa mai saye gaskiya cewa nan ba ƙarshen hanya ba ne, saura canza suna a hukumance. Dokar ta kuma ba gwamnati ikon karɓe fili don amfanin jama'a, kuma diyyar da ake biya ta fi karkata ga abin da aka gina ko aka shuka a kai. Saboda haka wanda ya ruɗi mutum ya sayi fili fayau a inda ake raɗe-raɗin titi ko layin dogo zai bi, da sunan wai zai ci diyya, bai kyauta masa ba.

Jihar Katsina yanzu tana da hukumar KATGIS mai adana bayanan filaye a kwamfuta, tana kuma da hukumar tsara birane, URPB, mai ba da izinin gini. Tambayata gare ka ita ce, a shekarun da ka yi kana dillanci, ka taɓa taka ƙafarka ka shiga waɗannan ofisoshi? Ka san teburin da ake binciken fayil? Ka san bambancin filin da gwamnati ta yanka da wanda mai gona ya yanka da igiya, da abin da kowanne yake jawo wa mai saye nan gaba? Ka ware safiya ɗaya ka je ka tambaya, ka rubuta matakan da abin da ake biya a hukumance, ka nemi rasit a kan komai. Daga ranar ka fi abokan zamanka na benci da abin da waya ba ta bayarwa.

Wani binciken kuma ba a ofis yake ba. Fili da rani duk kyau gare shi. Ka je ka gan shi a watan Agusta bayan an ɗauke ruwan sama, ka ga inda ruwa ke kwanciya da inda yake bi. Ka tambayi tsofaffin unguwa ko wurin tsohon kududdufi ne da aka cike da shara, domin gini a irin wannan wuri tsagewa yake yi. Ka ɗaga kai ka duba ko manyan wayoyin lantarki sun bi ta sama. Ka auna da kanka. Hamsin da hamsin a baki ba lallai ne ya cika a ƙasa ba.

Sai gidan gado, inda nake so mu ɗan daɗe, domin tsofaffin gidajen cikin birni da yawa a wannan hali suke, kuma nan ne dillalai suka fi ƙonewa. Babban wa zai kira ka ya ce a nemo mai saye, ya ce ƙannensa duk sun yarda. Kada ka tsaya a bakinsa. An raba gadon? A gaban wa? Akwai takardar kotun shari'a? Mata fa, an ji ta bakinsu, su da kansu? Akwai maraya ƙarami a cikin magada, kuma wa ke tsaye a kan rabonsa? Akwai wanda yake Legas ko Saudiyya da ba a tuntuɓa ba? Wanda ya yi karatun Risala a zaure ya san babin shufa'a: a mazhabarmu ta Malikiyya, idan mutane sun yi tarayya a gida ko fili da ba a raba ba, ɗaya ya sayar da rabonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da haƙƙin ya biya kuɗin ya karɓe, kuma wanda ba ya gari haƙƙinsa ba ya faɗuwa don ya daɗe a tafiya. Ka ga ke nan cinikin da ka ci la'adarsa ka manta yana iya tashi bayan shekaru. Dillalin da ya iya zama da magada cikin haƙuri, ya tara su, ya raka su wurin malami ko alƙali, ya tabbatar kowace mace ta karɓi nata a hannunta, wannan dangi ba za su sake neman wani ba, su da surukansu da maƙwabtansu. Aiki ne mai cin lokaci, kuma shi ya sa 'yan kayi-nayi ba sa iya shi.

Yanzu ga magana mai ɗaci, ku yi haƙuri da ni. Mai gida ya ce a sayar masa miliyan takwas. Dillali ya je ya gaya wa mai saye tara da rabi, ya hana su haɗuwa, ya soke ta sama a aljihu, sannan ya dawo ya karɓi la'ada ciki da waje. Wani kuma ya kawo abokinsa ya yi tayin ƙarya don mai saye ya ji tsoro ya ƙara; malamai suna kiran wannan najashi, kuma haramun ne, haka ma ɓoye aibin abin sayarwa. Na san abin da za a ce mini: la'adar ba ta isa, kowa haka yake yi. To amma Katsina gari ne da kowa ya san kowa. Mai sayen nan da mai sayarwar nan za su haɗu, ko a ɗaurin aure, ko a jana'iza, ko a sahun Juma'a, kuma za su yi zancen farashi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ba za su zo su yi faɗa da kai ba. Kawai dai ranar da ɗan'uwansu zai sayi gida, ba sunanka za su ambata ba. Da yawan dillalan da suke kukan sana'a ta tsaya, a nan ta tsaya, ba su sani ba. Wanda ya daɗe a sana'a ya kamata a ce tsofaffin abokan cinikinsa ne ke kawo masa sababbi. In kullum baƙon ido kake farauta, ka zauna ka tambayi kanka ina na baya suka tafi.

Maganin mai sauƙin faɗa ne. Ka yanke la'adarka tun farko, a fili, a rubuce. Ka haɗa mai saye da mai sayarwa su yi ciniki baki da baki, a ce albarka ko a ce an sallama a gabansu. In mai gida ya ce duk abin da ka sayar sama da kaza naka ne, ka tambayi malaminka hukuncin wannan yadda ya dace, kuma a rubuta shi. Kafin alƙalami in an bayar, a rubuta sharaɗinsa: in an fasa, ya zai kasance? Kuɗi kuma su bi ta banki zuwa asusun mai dukiya kai tsaye. Wannan ma doka ce, domin dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan biyar ba ta hanyar banki ba, kamfani kuma miliyan goma. Dokar ta kuma sa masu harkar gidaje da filaye cikin waɗanda za su yi rajista da sashen SCUML na hukumar EFCC. In ka haɗa wannan da rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, kana iya tunkarar makaranta ko kamfani ko ƙungiya mai neman gidan haya, waɗanda ba sa ƙulla ciniki da mutumin da ba shi da adireshi. Sai dai ka san iyakarka: ƙiyasta darajar gida a hukumance, irin wanda banki ko kotu ke karɓa, aikin masu lasisin hukumar ESVARBON ne. Ka yi abota da ɗaya daga cikinsu, da lauya, da safiyo, ku riƙa tura wa juna aiki.

Abu na gaba, ka daina cewa duk Katsina taka ce. Wanda yau yake Barhim, gobe Kambarawa, jibi Shinkafi, ya san ko'ina sama-sama, bai san ko'ina ciki ba. Ka zaɓi yanki ɗaya ko nau'in ciniki ɗaya ka nutse. In ɗakunan ɗalibai ne a hanyar Dutsinma, ka san ranar da kowace makaranta ke komawa, gidan da ke da ruwa, da wanda mai shi ke gyara. In ma'aikatan Asibitin Koyarwa na Tarayya ne, ko masu yi wa ƙasa hidima da ke fitowa daga sansaninsu na hanyar Mani ba su san kowa a gari ba, ka zama mutumin da na bara zai ba na bana lambarsa. Kuma ka sayi littafi. Duk cinikin da aka yi a yankinka, naka da na wasu, ka rubuta wuri, girma, farashi da wata. Bayan shekara biyu, in mai gida ya kira farashin da ba shi da tushe, ba musu za ka yi da shi ba, littafi za ka buɗe masa.

Sannan ga matsalar da ke karya dillali ko da mai gaskiya ne: kuɗinsa ba su da rana. Wata uku shiru, sannan ciniki ɗaya, kafin ya shigo hannu bashi ya cinye. Yunwar nan ce take tura mutum ya yi abin da ya san bai dace ba. Hanyar fita da na fi gani ita ce kula da gidajen haya. Katsinawa nawa ne suke aiki a Abuja da Kaduna da Fatakwal, sun gina gida a gida, sun bar shi hannun ƙani ko ɗan'uwa, kuɗin haya ba ya zuwa, kuma kunya ta hana su magana? Ka je musu da tsari: ni zan tantance mai haya, in rubuta yarjejeniya, in karɓi kuɗi in tura maka ranar da suka shigo, in duba rufi kafin damina, in aiko maka da hoto da rasit na duk gyaran da aka yi, ladana kaza a shekara. Gida goma irin wannan sun isa su riƙe maka tukunya, har ka iya kallon cinikin da ka ga alamar rikici a cikinsa ka ce a kai kasuwa. Kuma ranar da ɗaya daga cikin masu gidajen nan zai sayar ko zai ƙara saye, ba sai an gaya maka wa zai kira ba.

Kada a manta da mata. Da yawa suna da gidaje da filaye na gado, wasu suna juya kuɗin sana'arsu suna neman inda za su adana, amma ba za su zo benci su zauna da maza ba. Al'adarmu ta daɗe da sanin dillaliya mai shiga gida-gida da atamfa da kayan ɗaki. In kana da 'yar'uwa ko mai ɗaki mai amana da kan lissafi, ka koya mata aikin, ita ta shiga inda ba ka shiga, kuma a ba ta rabonta cikakke.

Su kuma matasan nan masu waya da kake jin haushinsu, ka jawo ɗaya ko biyu jikinka. Shi ya iya ɗaukar hoto da bidiyo, ya san inda ake ɗorawa. Kai ka san wane fili ne aka taɓa shari'a a kansa tun yana goye. Ka yanka masa kasonsa a fili, ka hana shi ɗora gidan da mai shi bai ba da izini ba, ka hana shi ɓoye tsagar bango a hoto, ka tafi da shi ofishin filaye ya ga yadda ake bincike.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yarjejeniyar haya: abin da ya kamata a rubuta a cikinta, wa ke da alhakin gyaran rufi da yashe masai, da wa'adin da ake ba mai haya kafin a ce ya tashi. Mu kwana nan.